Kakarmu ta farko a gasar NLO: takardun da muka nema, kuɗin da muka kashe da makin da muka rasa

Tun da muka dawo daga gasa, mutum huɗu sun same ni da tambaya iri ɗaya: ta ina ake farawa idan ana son ƙungiyar unguwa ta daina buga kofin ɗan takara ta shiga gasar da hukuma ta sani? Ni malamin firamare ne a Kano, kuma ni ne sakataren ƙungiyarmu. Lokacin da aka ɗora mini wannan aiki a ƙarshen 2023 ban san ko ƙofar ofishi ɗaya ba, kuma ban samu wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani daga farko zuwa ƙarshe ba. Abin da zan rubuta a nan shi ne abin da na so a ce an faɗa mini a lokacin.

Ƙwallon ƙafa a Najeriya hawa-hawa ce. A sama akwai NPFL mai ƙungiyoyi 20, inda Kano Pillars da Katsina United da su Enyimba ke bugawa. Ƙarƙashinta akwai NNL, wadda ake raba ta rukunin Arewa da na Kudu. Ƙarƙashin wannan kuma sai NLO, wato Nationwide League One, inda ƙungiyoyi irin tamu suke, waɗanda yaransu da safe suna kasuwa ko gareji ko makaranta, da yamma suna fili. Duk waɗannan suna ƙarƙashin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, kuma kowace jiha tana da tata hukumar da ke kula da ƙungiyoyin cikinta. Tsanin nan ana hawa ana sauka a kansa. Pillars da ta ci kofin gasar NPFL sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗo NNL a 2022, ta koma sama a 2023. Ganin haka ne ya sa yaranmu suka fara cewa to mu ma me zai hana mu taka matakin farko.

Mun yi taro a ƙofar gidan Alhaji, ɗan kasuwar da ya shekara bakwai yana saya mana ƙwallo da riguna. Ya ce ya amince, amma kada a zo masa da magana a baki, a zo da lissafi a rubuce. Washegari na tafi ofishin hukumar ƙwallo ta jiha da takarda ɗaya tak a hannuna, mai ɗauke da sunayen yara 34. Na zauna a benci kusan awa biyu, domin ranar ana taron alƙalan wasa. Da aka gama, wani dattijo a ofishin ya karɓi takardar ya duba, ya ce, “Malam, wannan sunayen yara ne, ina ƙungiyar?” Na ce ai su ne ƙungiyar. Ya girgiza kai ya jawo wata farar takarda ya rubuta mini abin da zan kawo: takardar neman shiga ƙarƙashin hukumar a kan takarda mai tambarin ƙungiya, tsarin mulkin ƙungiya, sunayen shugabanni da hotunansu da lambobin wayarsu, shaidar rajista da hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, asusun banki da sunan ƙungiya, da kuma adireshin filin da muke atisaye. A cikin abubuwa shida nan, filin kaɗai muke da shi, shi ma na makarantar da nake koyarwa ne. Na fito jikina a sanyaye, domin na ɗauka ranar zan biya kuɗi a ba ni fom in tafi.

Rajistar CAC ta cinye mana mako uku, kuma rabin wannan lokacin sunanmu ne ya jawo. Sunan da muke amfani da shi tun muna yara ya yi kama da na wani kamfani da aka riga aka yi wa rajista, sai aka ƙi shi. Muka sake zama, aka yi ta jayayya, domin sunan yana jikin rigunanmu kuma da shi aka san mu a unguwanni. Daga ƙarshe muka ƙara sunan unguwa a gaba, ya wuce. Duk wanda zai yi wannan ya tanadi suna biyu ko uku kafin ya fara, kuma kada ya buga riga sai sunan ya fito. Da kuɗin lauyan da ya cike mana takardun da na buga takarda mai tambari da na hatimi, mun kashe wajen naira 70,000. A banki kuma suka nemi shaidar CAC ɗin, da lambar haraji ta TIN, da BVN na masu sa hannu, da takardar da ke nuna taron ƙungiya ne ya zaɓe su. Mun sa mutum uku, biyu daga ciki dole su sa hannu kafin kuɗi ya fita. Wannan tsari ya kare mu daga zargin juna a duk tsawon kakar.

A wannan tsakanin ne wani mutum ya zo fili yana kallon atisaye, sanye da rigar wata babbar ƙungiya, ya ce ya san manya, zai samo mana gurbi ba tare da wannan wahala ba. Ya karɓi naira 50,000 a hannun ma’ajinmu a matsayin kuɗin mota da na gaisuwa. Babu rasit. Sau uku ya ɗaga waya, daga nan shiru. Da na koma ofishi na ba dattijon nan labari, bai yi mamaki ba. Ya ce kowace shekara sai an kawo masa irin wannan, kuma kuɗin gasa asusun da aka rubuta a takardar sanarwa ake sa shi, ba aljihun mutum ba. Har yau wannan kuɗi yana mini ciwo, ba don yawansa kaɗai ba, sai don karo-karon yara ne, wasu ɗari biyar wasu dubu.

Da muka kammala, aka karɓe mu a jiha, aka ba mu takardar gabatarwa, muka biya kuɗin rajistar gasa a banki. Adadin yana canzawa daga shekara zuwa shekara kuma ya danganta da matakin da za ku shiga, saboda haka na takardar sanarwar shekararku za ku bi, ba na bakin wani ba. Mu mataki na biyu na cikin NLO muka shiga. Na yi wa takardar banki hoto da waya, na kuma yi kwafi uku, kuma sai da aka buƙaci duka ukun a wurare dabam-dabam.

Na ɗauka mun tsallake babban kogi, ashe takardun ’yan wasa ne babban aikin. Kowane yaro ana neman hotunan fasfo, da takardar NIN, da takardar haihuwa ko takardar rantsuwar shekaru daga kotu, da shaidar likita, wanda bai kai 18 ba kuma da amincewar uba ko waliyyi a rubuce. Na baza takardun a tabarma a ɗakina wani daren Asabar ina haɗa na kowa, sai na ga a cikin yara 30 da koci ya zaɓa, 11 ne kawai sunansu da ranar haihuwarsu suka zo ɗaya a duk takardun. Wani a NIN Abdullahi ne, a takardar makaranta Audu. Wani ya sa sunan kakansa a wuri ɗaya, sunan mahaifinsa a wani wurin, na uku kuma ya sa sunan unguwa. Ranar haihuwa kuwa, yara tara duk 1 ga Janairu, domin wanda ya cike musu fom a shagon kwamfuta haka ya ga dama ya sa. Gyaran suna a NIN yana yiwuwa, amma yana cin kuɗi da lokaci, gyaran ranar haihuwa kuma ya fi wahala nesa ba kusa ba. Shawarar da muka yanke ita ce abin da ke jikin NIN shi ne asali, duk sauran takardu su bi shi. Na kwashe kwana huɗu ina kai yara kotu rukuni-rukuni bayan an tashi makaranta.

A nan ne maganar rage shekaru ta taso. Wasu daga cikin manyan yaran suka same ni a gefe suka ce, “Sakatare, tunda sabuwar takarda za a yi, a rage mana uku-uku mana, kowa haka yake yi.” Na ƙi. Mun yi kwana biyu ba sa gaishe ni. Dalilina shi ne sunan da shekarun da aka shigar a rajistar farko su ne za su bi yaro duk inda ya je, domin yanzu ana ba ɗan wasa lamba ɗaya ta FIFA wadda ba ta canzawa ko ya canza ƙungiya ko ƙasa. Ranar da fasfo ɗinsa na tafiya ya saɓa da wannan rajista, ranar tafiyar ta lalace, kuma a lokacin babu mai iya gyarawa cikin gaggawa.

Akwai yaro ɗaya ɗan shekara 17, ɗan tsakiya, wanda koci ya ce ba shi ba tafiya. Mahaifinsa maɗinki ne, ya ƙi sa hannu. Na je shagonsa bayan la’asar, na durƙusa na gaishe shi, ya ci gaba da taka keke bai ɗago ba. Sai da ya kai ƙarshen layin ɗinkin ya ciji zaren, sannan ya ce, “Malam, ka ce kai malamin makaranta ne. Idan ƙafarsa ta karye wa zai biya? Idan jarrabawarsa ta zo kuna wani gari wa zai rubuta masa?” Na ce, “Baba, ta jarrabawa na ɗauki alkawari, ranar da yake da takarda ba zai taka fili ba. Ta rauni kuwa ba ni da amsa yanzu, amma zan dawo da ita.” Na koma wurin Alhaji muka ware naira 150,000 a asusu muka ce ba a taɓa ta sai don jinya. Da na koma na faɗa wa mahaifin, ya karɓi biron ya rubuta sunansa da ajami a ƙasan takardar, ya ce Allah ya tsare. Tambayar wannan dattijo ita ta cece mu daga baya.

Gwajin lafiya mun yi shi a wani asibitin gwamnati, yara goma-goma a rana uku. Ana auna hawan jini, a saurari zuciya da ƙirji, a ɗebi jini. Kowane yaro ya tashi a kan naira 4,000 da ’yan kai. Wasu ƙungiyoyi sayen takardar kawai suke yi a sa hatimi, kuma an ba mu wannan shawara don mu rage kashe kuɗi. Duk wanda ya girma da labarin Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi ya rasu a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, ko na Chineme Martins na Nasarawa United da ya faɗi a Lafiya a watan Maris na 2020, bai kamata ya saurari wannan shawara ba. A cikin yaranmu likita ya ji wani sauti a zuciyar ɗan bayanmu na hagu, ya tura shi hoton zuciya, sakamako ya fito aka ce ya dakatar da wasa mai ƙarfi. Yaron ya yi kuka a barandar asibiti kamar an yi masa mutuwa. Mun mayar da shi mai kula da kayan wasa, ya yi tafiyar tare da mu, kuma yana nan da ransa yana shan magani.

Bayan mun miƙa takardu, aka dawo mana da sunan lamba tara ɗinmu, aka ce yana da rajista da wata ƙungiya. Shi kansa bai sani ba. Shekara biyu da suka wuce ya je gwaji wurinsu na mako guda, ya ba da hoto ya sa hannu a wata takarda, bai sake komawa ba. Ba za a ba shi lasisi da sunanmu ba sai sun ba da takardar sallama. Sau uku ina zuwa wurin shugabansu. Da farko ya nemi naira 200,000, daga baya da dattawa suka shiga tsakani aka daidaita a kan ƙwallaye biyar da alkawarin kaso idan an sayar da yaron, aka rubuta aka sa hannu. Ranar da ta rage kwana biyu a rufe rajista takardar ta iso. Tun daga lokacin, tambayar farko da nake yi wa duk yaron da ya zo mana ita ce ko ya taɓa sa hannu a wata takarda a wani fili, ko da sau ɗaya ne.

Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga Maris, ya faɗo daidai tsakiyar shirinmu. Koci ya mayar da atisaye bayan tarawihi, muka yi hayar janareta da fitilu biyu, man kowane dare yana cin abin da da can yake isar mu kwana uku, domin tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 duk lissafin da tsofaffin sakatarori suka ba ni ya daina aiki. Mun ɗinka riguna kala biyu, kowace da lamba a baya, da na masu tsaron raga dabam. A lokacin ne kuma muka buga kofin ƙalubale na jiha, wanda ƙungiyoyi biyu da suka kai wasan ƙarshe ke wakiltar jiha a kofin ƙasa. An fitar da mu a zagaye na biyu, amma wasannin nan biyu sun koya wa yara yadda ake jeruwa a duba lasisi kafin a shiga fili, abin da ba su taɓa gani ba a gasar unguwa.

Bayan Sallah na yi kuskuren da ya ci mana kuɗi. Wani ya turo jadawali a WhatsApp, ya yaɗu a tsakanin sakatarori, ni kuma na gaskata. Muka tara yara a kam, a wani gida da Alhaji ya ba mu aro, ana ciyar da mutum 28 sau uku a rana. Sai da muka yi kwana tara sannan takardar gaskiya ta iso da wata rana dabam, saura mako biyu. Sallamar yara muka yi, bayan buhun shinkafa ɗaya da rabi da kuɗin cefane sun tafi. Jadawalin da ba shi da sa hannu da hatimi, kuma bai biyo ta ofishin jiha ba, ba jadawali ba ne.

An sa mu a rukuni mai ƙungiyoyi shida, duk wasannin a cibiya ɗaya a wata jiha maƙwabciya, tafiyar awa huɗu. Hayar bas mai cin mutum 18 da ƙaramar mota ɗaya, zuwa da dawowa, ta tashi a naira 260,000. Masauki kuwa ba mu da ƙarfin otal. Wani shugaban makaranta ya ba mu aji biyu, muka shimfiɗa katifu da muka ɗauro a saman bas, muka ɗaura gidan sauro a jikin tagogi. Mun tafi da mai dafa abinci daga unguwa, wata baiwar Allah da yara ke kira Inna, wadda take tashi tun kafin asuba ta ɗora koko. Ruwan leda kaɗai muna shanye jaka 15 a ranar wasa, ga zafin watan Mayu.

Kafin kowane wasa ana taro da kwamishinan wasa da alƙalai da wakilan ƙungiyoyin biyu. Ana zuwa da samfurin riga da wando da safa, da na gola, da lasisin ’yan wasa. A taronmu na farko rigarmu ta zo ɗaya da ta abokan karawa, kuma da yake mu aka rubuta a matsayin baƙi, mu muka canza. Da ba mu ɗinka kala na biyu ba, da aro za mu shiga nema a garin da ba mu san kowa ba. Ana cike takardar sunayen ’yan wasa kafin lokaci, lambar da ke takarda dole ta zama ita ce a bayan yaro. Alƙali na huɗu yana riƙe lasisi yana kallon hoto yana kallon fuska, ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a gefe ina kallon yaran da na sani tun suna buga ƙwallon tsumma ana kiran cikakken sunansu suna amsawa, sai na ji hawaye na neman zubo mini.

Wasan farko mun yi kunnen doki, ɗaya da ɗaya. Na biyu aka ci mu biyu da nema, yara sun firgita da ’yan kallo. Na uku muka ci ɗaya mai ban haushi, lamba tara ya sa ta da ka daga bugun kusurwa saura minti shida a tashi. A wasa na huɗu muka ci biyu da ɗaya, muka hau na biyu a teburi, daren nan babu wanda ya yi barci da wuri. Da safe aka kira ni aka miƙa mini kwafin ƙorafi. Abokan karawarmu sun rubuta cewa ɗan bayanmu na tsakiya ya tara katin gargaɗi da ya kai a dakatar da shi wasa ɗaya, kuma mun sa shi. Na buɗe ƙa’idojin gasa, waɗanda aka ba ni tun ranar rajista kuma ban karanta su har ƙarshe ba, na ga gaskiyarsu. Ni ina rubuta ci da wanda ya ci, ban taɓa rubuta kati ba. Koci ya ɗauka ni nake lissafi, ni na ɗauka za a sanar da mu. Kwamiti ya zauna, aka duba rahoton alƙalai, aka ƙwace makin uku aka ba su, aka rubuta an ci mu uku da nema. Hukuncin daidai ne, laifin nawa ne. Na tara yara a ajin da muke kwana na faɗa musu da bakina. Kyaftin ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, “Malam, ka yi mana wahalar da babu wanda ya yi, Allah ya sa haka ne mafi alheri.” Wannan magana ta fi mini zagi nauyi.

Su sun san abin da ban sani ba: ƙorafi yana da ƙayyadadden lokaci bayan tashi daga wasa, a rubuce ake yinsa, kuma da kuɗinsa. Sakatarensu yana zuwa kallon wasannin kowa da littafi a hannu, yana rubuta katin kowace ƙungiya, ba tasu kaɗai ba.

A wasan ƙarshe, minti 20 da dawowa daga hutun rabin lokaci, aka yi karo, ɗan maɗinkin nan ya faɗi bai tashi ba. Na ji ƙarar daga benci. Ƙashin ƙaurinsa ne ya karye. Masu ba da agajin gaggawa suka ɗaure ƙafar aka kai shi asibitin garin, aka yi hoto. Mutane suka yi ta ba mu shawarar a kai shi wurin mai ɗori, ya fi sauƙi ya fi sauri. Na kira mahaifinsa, hannuna yana rawa. Ya yi salati, ya ce, “Ina kuɗin da ka ce kun ajiye?” Na ce suna nan, Baba. Ya ce to a kawo shi Dala. A daren muka ɗauko shi a ƙaramar motar, washegari muna Asibitin Ƙashi na Dala. Naira 150,000 ɗin ba ta isa ba, sai da Alhaji ya ƙara kusan ninkinta, amma ita ta sa aka fara aiki ba tare da mun tsaya yawon neman taimako ba. Ya yi wata biyar kafin ya fara gudu. Jarrabawarsa da sanda ya je ya rubuta ta, ni nake kai shi a babur. Wasan kuwa an tashi canjaras, muka ƙare na huɗu. Da makin ukun nan suna hannunmu, da mu ne na biyu.

Da na haɗa lissafi na kai wa Alhaji, kakar ta ci naira miliyan 3 da dubu 400, daga CAC har zuwa kuɗin asibiti. Kuɗin rajistar gasa, wanda shi kowa ke tambaya, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Mota da abinci da jinya su ne suka cinye kuɗin. Yara ba su da albashi, alawus ɗin naira 3,000 muke ba kowa idan an ci wasa, 1,500 idan an yi kunnen doki. Kuɗin shiga kuwa babu ko sisi, domin ba a filinmu aka buga ba. Duk wanda zai shiga ya san cewa a wannan mataki kuɗi fita kawai suke yi, kuma ƙungiyar da ta dogara da aljihun mutum ɗaya, ranar da kasuwarsa ta girgiza ranar ta tsaya. Mu yanzu mun buɗe karo-karon wata-wata na tsofaffin ’yan wasa da ’yan unguwa.

Hanya ɗaya da ƙungiya irin tamu ke iya samun kuɗi ita ce yaranta, kuma nan ne wahalar takardu take biya. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Tun ƙarshen 2022 wani ofishin FIFA da ke Paris ne ke bin wannan lissafi, kuma abin da ke cikin rajistar kwamfuta yake dubawa. Idan yaro ya shekara shida a filinku amma ba a taɓa shigar da shi da sunanku ba, a wurinsu bai taɓa zama naku ba, ko da duk unguwa za ta yi rantsuwa. Ahmed Musa daga ƙananan filaye ya taso kafin ya zo Pillars ya wuce Turai, kuma kowane mai ƙungiya yana mafarkin irinsa, amma kaɗan ne ke da fayil ɗin da zai nuna yaron nasu ne.

Wata biyu bayan gasar, wata ƙungiyar NNL ta nemi lamba tara. Da a da ne, da daddare za a zo a ɗauke shi da alkawarin takalmi, mu ji labari a bakin mutane. Wannan karon sai da suka rubuto mana takarda, domin lasisinsa da sunanmu yake. Muka zauna da su da yayansa, aka rubuta abin da za su biya yanzu da kason da za mu samu idan suka sayar da shi gaba, muka ware wa waccan ƙungiyar ta farko nata kamar yadda aka yi alkawari. Kuɗin ba su da yawa, sun dai biya bashin mai bas da na Inna.

Yanzu kowane yaro yana da fayil nasa a akwatin ƙarfe a ɗakina, har da ’yan shekara 13 da ba su kai shiga gasa ba, kuma na fara kai sunayensu ofishin jiha tun yanzu. Ƙa’idojin gasa na karanta su sau biyu da jan biro, na karanta wa koci da kyaftin. Na sayi littafi mai bango mai kauri na ja layi huɗu a kowane shafi: sunan ɗan wasa, wasan da ya buga, katin gargaɗi, jan kati. Ɗan bayanmu na hagu, wanda likita ya hana wasa, shi na damƙa wa littafin, kuma a wasan sada zumuntar da muka buga makon jiya ya riga ya cike shafin farko.